Da Sauƙi, In Ji Baba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka da wannan jirgin ruwan naku da ba ya gajiya da yawo. Mu ma nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Na bi da wannan ta ofishin kamfaninku kamar yadda ka ce, tunda wayarka ba ta shiga sai kun tsaya a tasha, ni kuma ban san ranar tsayawarku ba.

Kada hankalinka ya tashi. Baba ne ba ya jin daɗi, amma da sauƙi.

Ranar Talata da hantsi yana cikin yi wa Tela maƙwabcinmu aski, ya gama gefe ɗaya, yana ba shi labarin nan na direban da ya manta matarsa a gidan mai, wanda duk mun haddace. Tela ya ce kawai sai ya ji shiru. Ya ce ba faɗuwar almakashin ce ta ba shi tsoro ba, shirun ne, don shekara da shekaru bai taɓa zama a kujerar nan Baba ya yi shiru ba. Ba a banza unguwa take kiransa Rediyo ba. Da ya ɗaga ido ya dubi madubi, sai ya ga bakin Baba ya karkace, hannun dama yana lilo. Haka ya ɗauke shi zuwa asibiti da zanen aski a wuyansa, kai rabi a aske.

Ni ina ɗakin wankin otal ina guga aka zo aka kira ni. Ban ma kashe dutsen ba.

Likita ya ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, shi ya shanye masa ɓarin dama. Ya tambaye ni ko yana shan maganin hawan jininsa, na ce ƙwarai kuwa, ni nake sayowa. Da na dawo ɗaukar masa kaya na ja aljihun teburin da yake ajiye matazai, sai ga kwalayen maganin a jere, ko ɓare su ba a yi ba. Tela ya ce ai ya daɗe da dainawa, wai ya ji garau, me zai yi da ƙwaya. Wallahi Auta da ba a kwance yake ba da sai mun yi rigima.

An sallamo mu. Ba ya iya hawa matakala, shi ya sa na sauko da gadonsa bayan shago, da rana kuma ina zaunar da shi a kujerar aski don ya riƙa ganin titi. Madubin na rufe da zane, ba ya son ganin fuskarsa. Akwai wata mai gashin ƙashi da take zuwa tana motsa masa hannu da ƙafa. Bakinsa ya yi nauyi, magana ba kamar da ba.

Ka ci gaba da aikinka, ka sa mu a addu'a.

Yayarka

*

Yaya,

Na gaishe ki, na gaishe da Baba da jiki, Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Ni lafiya lau, sai zafin ɗakin inji da ƙarar da take bin mutum har gadonsa.

Wasiƙarki ta same ni da baƙin mai a hannu, shi ne kike ganin tambarin yatsa a wannan. Na karanta ta har ta fara yagewa a ninki. Kin ce da sauƙi, na gode wa Allah. Amma layin ƙarshen nan ya tsaya min. Nauyi kamar yaya? Irin na wanda ya tashi daga barci, ko ya fi haka? Ni na kasa kwatanta Baba da nauyin baki. Mutumin da ya koya min aski yana yi min faɗa, yana gardamar ƙwallo da na kan benci, yana gaisawa da mai wucewa, duk a numfashi ɗaya.

Ga abin da yake gabana. Wa'adina ya kusa cika. Babban injiniya ya kira ni ya ce idan na ƙara zagaye ɗaya zai ɗaga ni daga goge-goge zuwa kula da injin kansa, abin da na yi shekaru ina jira. Idan na sauka yanzu wani zai hau gurbin, kuma ba lalle su sake kirana ba. Zagayen kuwa dogo ne, sai wata shekarar za ku gan ni. Ya ce in ba shi amsa a tashar da za mu tsaya nan gaba.

Yaya, ki faɗa min gaskiya, ba irin wadda ake faɗa wa matafiyi ba. In taho ko in ƙara? Abin da ke da Baba kuka ce shi zan yi. Ki tambaye shi da kanki.

Ki ce da Tela na ji labarin rabin kansa, na yi dariya ni kaɗai har wani ya leƙo ya ga ko lafiya. Ke ma ki riƙa hutawa.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa, taka ta iso. Na karanta a tsaye a gaban injin busar da kaya, na sake karanta wa Baba da yamma. Ni lafiya, in ban da ƙafafun nan da suke kumbura. Takalmin aiki ma yanzu take bayansa nake yi.

Ka ce gaskiya, to ga ta. Maganar Baba ba nauyi ta yi ba, tafiya ta yi. Kalma biyu suka rage masa a duniya: “da sauƙi”. Ba ya iya faɗin sunana, ba ya iya cewa ruwa, ba ya iya cewa a'a. Duk abin da ya yi niyyar faɗa, in ya buɗe baki ita ce take fitowa, tas, da muryarsa ta da, kamar babu abin da ya same shi. Likita ya ce hakan yana faruwa, wani lokaci maganar da baki ya saba da ita ba tare da tunani ba ita take tsira. Ya ce yana ji, yana gane komai, hanyar fitar ce ta toshe. Na ce likita, duk surutun mutumin nan a ce wannan ce ta tsira? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Yanzu na fara gane su. Gajera, yana kallon jug, ruwa yake so. Wadda yake ja, banɗaki ne. Akwai ta tsakanin haƙora, wannan ma'anarta fita min daga shago. Mai askin tsallaken titi, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji, ya zo da kayansa don ya rage masa gemu, shi ya fara samun ta haƙoran. Bawan Allah ya ce madalla, ya matso da reza, sai da na janye shi. Har yau Baba bai bari kowa ya taɓa gemun ba.

Masu dubiya kuwa ba sa yankewa. Su zauna a benci su ce Rediyo ya jiki, ya ce da sauƙi, su ce alhamdu lillahi, su fita su baza a unguwa cewa ya warke. Ni kuma in rufe ƙofa in ciccibe shi in kai banɗaki, in wanke, in shanya, in kama motar aiki.

Sannan akwai zuciya. Sun yi masa gwaji, likitar zuciya ta ce jijiyoyin da suke kai wa zuciyar jini su ma sun ƙuntace. Ta ce ciwo ɗaya ne, kamar tsatsa a bututun gida, inda ya fara toshewa kawai muka gani. Na tambaye ta yaushe, ta ce ba ya sallama.

Na tambaye shi kamar yadda ka ce. Na ce Baba, Auta ya zo ko ya ƙara? Ka san abin da ya ce. Amma hannunsa na hagu ya kama rigata ya nuna kujerar da kake zama lokacin kana koyo, ya yi ta nunawa.

Kada ka ƙara. Ka taho. Na gaji, Auta, gajiyar da barci ba ya maganinta, kuma ba don ni kaɗai nake faɗa ba.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau dai da farin ciki nake rubutu, ki yi haƙuri da karkacewar layi.

Amsarki ba ta same ni ba. An canza mana hanya, ba mu tsaya inda aka tsara ba, jakar wasiƙu tana can tana jiranmu a tashar da ba mu je ba. Da muka tsaya a wannan, injiniya ya tsare ni da takarda da biro. Na ce ya ba ni zuwa la'asar. Na hau sama na kira ki, wayarki a kashe, na san tana cikin akwatin ajiyarki na otal kina aiki. Sai na kira Tela.

Ya ce alhamdu lillahi jiki ya yi kyau sosai, ga shi ma a kusa, bari ka ji da kunnenka. Yaya, na ji muryar Baba! Ashe kin tsorata ni a banza da zancen nauyin baki. Na ce Baba ya jiki, ya ce da sauƙi, tas. Na ce hannun fa, ya ce da sauƙi. Sai na gaya masa zancen ƙarin girman, na ce Baba in taho ko in ƙara zagaye? Ya ce da sauƙi. Na ce ka tabbata, don zan iya barin komai in taho. Ya ɗaga murya ya maimaita har yana haɗa su, irin yadda yake yi in yana so mutum ya daina damunsa ya je ya yi abin da ke gabansa. Na ce to Baba na ji, zan ƙara, ka sa min albarka. Tela ya karɓi wayar ya ce ga shi nan har hawaye yake yi don daɗi.

Na sauka na sa hannu. Nauyin da na yi makonni ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Yanzu ni nake riƙe da ma'aunan injin, an ba ni ɗaki mai taga.

Na san ɗawainiyar tana kanki, ban manta ba. Ki nemi mai taimaka miki da rana, ni zan ji da wannan. In na dawo ni zan yi masa aski da hannuna, ya yi ta kushe ni yadda ya saba.

Ki gaishe shi, ki ce Autansa ya zama mutum.

Auta

*

Auta,

Na gaishe ka. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na gani a wasiƙa, kana da ɗaki mai taga. Daga asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata.

Ranar da ka kira, na dawo daga aiki na tarar da matazai da burushi a warwatse a ƙasa, Baba ya juya fuska bango, ya ƙi cin komai. Tela ya ce kun gaisa, kukan daɗi ya yi. Ban kawo komai a raina ba, na tattara na kwanta. Na tambayi Tela daga baya me ya hana shi gaya maka halin da ake ciki. Ya ce haba, yaro yana tsakiyar ruwa, ya za a yi a tayar masa da hankali? Na ƙyale shi, don ni ma haka na rubuta maka da farko.

Bayan 'yan kwanaki, ranar hutuna, ina sama ina ninke zannuwa, wasu tsofaffin abokansa suna benci. Ina jiyo shi yana ta faɗin da sauƙi, da sauƙi, su kuma suna madalla, ai ga shi nan, har ɗaya yana cewa yau Rediyo ya kama tasha. Sai na ji wannan ba ta cikin waɗanda na sani. Na sauko na ga fanka tana kansa amma rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya dafe ƙirji da hannun hagu, yana shafa muƙamuƙi, leɓensa ya canza. Mutum yana ihun neman agaji a gaban abokansa, suna taya shi murna. Ban san da wane ƙarfi na kai shi mota ba.

Zuciyar ce. Sun bi ta jijiyar hannu suka buɗe wadda ta toshe, amma likitar ta ce wani sashe ya riga ya mutu, abin da ya rage yana aiki ne da ƙyar. Ƙafafunsa sun kumbura sun fi nawa, ba ya iya kwanciya sai a jingine.

A nan wasiƙarka ta same mu, Tela ya kawo. Na ce Baba ga Auta, na buɗe na fara karanta masa ban duba ba tukuna, ina zaton ranar zuwanka ce a ciki. Ina kaiwa inda ka ce ka sa hannu, sai ya ɗaga hannun hagun ya bugi bakinsa. Ya sake bugawa. Sai da na riƙe hannun.

Tun daga lokacin bai ƙara cewa komai ba. Likita ya tambaye shi jiki, ya rufe baki da tafin hannu. Har sun ɗauka wata jijiyar ce ta sake toshewa, suka mayar da shi hoto, ba su ga sabon abu ba. Na ce musu su daina wahalar da shi, ba kasawa ya yi ba, ƙi ya yi.

Na yi fushi da kai, na yi da Tela, na yi da kaina, yanzu ko ƙarfin fushin ba ni da shi. Otal sun ce in zaɓa, ko aiki ko jinya, na ce su ba wata dutsen gugar. Bari in rubuta maka da manyan baƙaƙe yadda ba za ka karanta wani abu daban ba: BABU SAUƘI. KA ZO.

Yayarka

*

Yaya,

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Wasiƙunki biyu sun zo tare yau, wakilin kamfani ya kawo su a ƙaramin kwalekwale. Na fara da ta farko, na zauna a matakala, ban san na zauna ba.

Tun ɗazu kiran nan yake dawo min. Na ce ka tabbata, ya ɗaga murya. Yaya, roƙona yake yi in zo, ni kuma na ce na gode, sa min albarka. Na san muryar Baba tun ina rarrafe, ya aka yi ban ji ba? Ina jin abin da nake so in ji shi na ji.

Na je wurin kyaftin. Ya ce in na karya wa'adi babu dawowa, na ce na sani. Injiniya ya karɓi mabuɗan ɗakin inji. Matsalar ita ce muna tsaye a bakin tasha cikin layin jirage, ba a ba mu wuri ba, kuma ba a barin kowa ya sauka sai jirgi ya jingina an buga takardu. Ina hango ƙugiyoyin sauke kaya daga tagar nan da na yi miki alfahari da ita. Waya ba ta kawowa nan. Wakilin ya yarda zai ɗauki hoton wannan ya turo miki in ya koma tudu.

Ki karanta masa wannan layin, ki karanta a hankali: Baba, yanzu na ji abin da ka ce. Na ajiye aikin, ina hanya. Ba laifin bakinka ba ne, kunnena ne. Kada ka bari kowa ya taɓa gemun.

Ke kuma Yaya, in na iso ki ba ni shi ki je ki kwanta.

Auta

*

Auta,

Sannu da hanya. Na bar wannan a hannun Tela, ya ba ka in ka iso. Idan ka tarar ina barci kada ka tashe ni, ka ce in kwanta, to na kwanta.

Ka riga ka ji a waya ranar da kuka sauka cewa Baba ya rasu, Laraba da la'asar, kuna kan ruwa. Layi yana ta yankewa, kai kana kuka, ni mutane sun cika min kai, shi ya sa ban gaya maka sauran ba. Kuma da baki ba zan iya ba.

Hoton wasiƙarka ya shigo ranar Litinin. Wannan karon sai da na karanta ni kaɗai a baranda kafin in shiga. Yana jingine da matasai, robar iska a hancinsa, gemun nan ya yi fari fat ya cika masa wuya. Kwanakin nan duka ko tari ya zo masa sai ya rufe baki. Na ce Baba, Auta ne, sai ya kawar da kai. Na ce a'a, ka saurara, wannan daban ce. Na karanta a hankali yadda ka ce. Da na zo wurin kunnenka, sai na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Ka san bai taɓa ƙin a ba shi gaskiya ba. Ya miƙo hannu na ba shi wayar, ya daɗe yana kallon rubutunka da tambarin baƙin man, ya ɗora ta a ƙirji.

Sai ya ce, “Da sauƙi.”

Auta, na san ta ruwa, na san ta banɗaki, na san ta korar mutane, na san ta ciwo. Wannan ban taɓa jin ta ba. A hankali ya faɗe ta, yadda mutum yake yi in an sauke masa kaya daga ka. Tun ranar da ciwon ya same shi a shago, ita kaɗai ce na tabbata abin da ya yi niyyar faɗa ke nan. Bai sake magana ba, amma bai sake rufe bakin ba. Ya ci abinci a ranar, ya yi barci sosai.

Ban ce maka wannan zai isa ba. Ni ma bai ishe ni ba. Amma naka ne, shi ya sa na ajiye maka.

Gemun ba a taɓa ba, da shi ya tafi. Shago yana yadda yake, zanen ma ban cire daga madubi ba, ka cire da kanka. Mabuɗi yana wurin Tela. Kada ka yi masa faɗa, ya yi wa kansa wanda ya fi naka. Tun ranar rabin askin nan bai zauna a kujerar kowa ba, gashin ya fito gefe ya fi gefe, yana ɓoyewa da hula. In ka huta, ka zaunar da shi ka ƙarasa masa askin.

Yayarka